Katin Ƙwayoyin da Na Ɓoye a Aljihun Keke

Ina da shekara hamsin da huɗu lokacin da ɗiyata ta fari ta kai ni wurin likitar mata a Sakkwato. Shekara biyu ke nan da al'adata ta ɗauke, na kuma yi hamdala da tafiyarta, don na ɗauka hutu ne ya zo. Abin da ya biyo baya ne ban shirya masa ba. Ina zaune kan keken ɗinki a ɗakina a Bodinga, ina tsakiyar kafa hannun riga, sai in ji zafi ya taso daga ƙirji ya haye wuya ya cika fuska, kamar an buɗe tukunya a gabana. Kafin in ɗauke ƙafa daga kan keke ɗankwalina ya jiƙe. Gwiwoyi suka fara ciwo, barci ya koma guntu-guntu, na zama mai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sau biyu na ɓata yadin mutane, ni da na shekara talatin ina ɗinki.

Maigidana, wanda ke noman albasa a fadamar Danchadi, ya ce zafin gari ne. Ɗiyar tawa kuwa, malamar makaranta ce a Sakkwato, da ta zo hutu ta tarar da ni ina fifita da murfin kwano ana tsakiyar ruwan sama, sai ta ce, "Inna, wanga ba zafin gari ba ne. Jibi za mu asibiti."

Likitar doguwa ce mai farin tabarau, ba ta girmi ɗiyata da shekaru da yawa ba. Tambayoyinta ne suka fara sa ni tsarguwa. Ko a danginmu an taɓa yin mai ciwon nono? Me ya yi ajalin mahaifiyata? Ko ƙafata ta taɓa kumbura ita ɗaya? Ta auna jinina, ta lalube ni, ta tura ni hoto da gwaji. Ni da na zo da kukan gumi, me ya kawo maganar mutuwar uwata?

Da muka koma bayan mako guda, ta daɗe tana duban takardun. Sannan ta juya wajen ɗiyata suka shiga Turanci. Ba na jin Turanci, amma na san kalmar kansa, kuma sau biyu na ji ta fito daga bakin likitar. Ɗiyata tana gyaɗa kai, ba ta dube ni ba. Da suka gama, abin da likitar ta gaya mini da Hausa bai fi jimla uku ba.

"Mama, lafiyarki lau. Wani sinadari ne da jikin mace ke yi ya ragu. Wannan zai mayar miki da kaɗan daga ciki, ɗaya kullum."

A mota na buɗe kwalin. Kati ne mai ƙananan ƙwayoyi jere, da kibiya tana nuna inda za a bi. Na san irinsa. Na sha ganinsa yana leƙowa daga jakar matan da ke kawo mini ɗinki, masu tazarar haihuwa. To ni da haihuwa ta yi wa sallama, me zan yi da shi? Na ce a raina, ko dai an sake wa maganin kwali don kada in gane, ko kuma ciwon ya wuce magani, an ba ni abin riƙewa a hannu kawai.

Na jefa shi aljihun keke, ƙarƙashin zare da maɓallai. Kowace safiya in ɓalle ƙwaya ɗaya in tura ta cikin ƙasar tukunyar na'ana'a da ke bakin ƙofa. Idan ɗiyata ta kira ta ce, "Inna, kin sha?" sai in ce, "An sha." Ban ɗauke shi ƙarya cikakkiya ba.

Daga nan na koma gadin mutanen gidana. Ɗiyar da a da sai Juma'a take kira, yanzu kullum. Ɗana da ke aiki a Birnin Kebbi ya aiko da kaji biyu babu dalili. Maigida, wanda tun aurenmu bai taɓa tambayar abin da nake sha'awar ci ba, ya dawo daga fadama da rake da gwanda ya ajiye a gabana ya ce, "Ki ɗan taɓa." Na dubi gwandar, na dube shi. Ya kau da kai yana gyara hula. A ranar na fitar da atamfofina na ware wadda za a ba kowa.

Bayan mako uku na gaji da jiran a faɗa mini. A Bodinga ba mai shagon maganin da bai san ɗiyata ba, don haka ranar kasuwar Shagari na ce zan je sayen zare, in wuce Lambara in gaida yayata. Na zaɓi shagon da ke can ƙarshen layi, na wani dattijo mai furfura a gemu. Na miƙa masa kwalin na ce na maƙwabciyata ne, ba ta iya fitowa.

Ya zaro takardar ciki ya warware ta, ya daɗe yana bi da yatsa.

"Maƙwabciyar taki ta manyanta?"

"Ta ɗan taɓa."

"Na matan da jini ya ɗauke wa ne, masu jin zahi da zuhwa. Likita ya ba ta?"

"Awo. Ba na ciwon daji ba ne?"

"A'a, Hajiya. Amma an rubuta mai ciwon ga kada ta sha. Ki ce mata ta bi abin da likita ya ce."

Na fito ina juya maganar. Ya amsa da sauri ƙwarai, kamar wanda aka riga aka gaya wa abin da zai ce. Har na tsaya wajen masu albasa ina tunanin ko ɗiyata tana da wata ƙawa a Shagari.

Yayata ta girme ni da shekara tara. Na same ta tana sussukar gero, na ba ta labari duka. Ta karɓi katin da yatsu biyu kamar mai ɗaukar kunama.

"Innarmu ta wuce wanga lokaci da hura da haƙuri," ta ce. "Ni ma haka. Abin da Allah ya ɗauke, wa ya isa ya maido shi cikin kwali? Ki bincika dai. Yaran yanzu sun iya ɓoye magana."

Washegari ban gaya wa kowa ba na hau motar Sakkwato ni kaɗai. Na yi zaman layi har bayan azahar. Da na shiga, likitar ta duba bayana tana neman ɗiyata.

"Ni ɗaya ce," na ce. "Yau da Hausa za mu yi. Na ji kin ce kansa sau biyu. In ita ce, ki gaya mini, ina da abubuwan da zan kintsa."

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce laifinta ne, da ni ya kamata ta yi magana tun farko. Ta juyo da takardun ta nuna mini ɗaya bayan ɗaya, duk da ba karantawa zan yi ba. Karon farko da ta ambaci kansa, ta ce, cewa ta yi ba a ga alamar ciwon ba. Na biyu kuma gargaɗi ne: maganin yakan ɗan ƙara haɗarin ciwon nono idan an daɗe ana sha, yakan kuma sa jini ya daskare a jijiya ga wasu, shi ya sa ta yi ta tambayar dangina, shi ya sa kuma za ta riƙa duba ni. In na ga ba zan sha ba, ba dole.

Wannan ne ya fi kwantar mini da hankali. Mai son yaudararka ba ya faɗa maka aibin hajarsa. Na gaya mata inda ƙwayoyi ashirin da biyu suka tafi. Ta rufe baki da hannu, sannan ta rubuta mini wani.

Na fara sha ranar wata Asabar, bayan na karya. Mako biyu ban ga komai ba, har na fara cewa an dai sayar mini da alli. A na huɗu na lura na gama riga sukutum ban tashi neman iska ba. Gwiwa ba ta daina ba, tana nan har yau. A wata na biyu na ga ɗan jini, zargina ya dawo sabo, na kira likitar da kaina. Ta sa na zo ta duba, ta ce yakan faru a farko. Hukuncin sallah kuma na kai wa malamar islamiyyarmu, ba tare da na ce maƙwabciya ba.

Bayan sallar layya yayata ta zo Bodinga ɗinki. Ta zauna tana kallona ina aiki tun hantsi, ɗankwalina a bushe. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ita ma ƙashinta na damunta, ko zan raka ta wurin yarinyar nan mai tabarau.

Na raka ta. Likitar ta yi mata tambayoyi, ta auna ta, ta ce jininta ya hau, kuma ta daɗe ƙwarai da ɗaukewar al'ada, fara wannan magani yanzu zai fi zama haɗari gare ta. Ta rubuta mata na hawan jini da na ƙashi.

A motar dawowa, da muka kusa gari, yayata ta juyo ta dube ni.

"Kun yi magana kahin in shigo," ta ce.

"Yaya, tare muka shiga."

"Akwai waya ai."