Ranar da Hajiyarmu ta taɓa kare

Na fito ƙofar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, sai ga Hajiyarmu tsugune gaban karen maƙwabciyarmu, Maman Joy. Hajiyar da ko haushin kare ta ji sai ta sauya hanya!

Ashe wani jan gyambo ne ya fito masa a cinya, Maman Joy za ta shafa masa baƙin mai. Hajiya ta hana. Ta sa aka aske gashin wurin, ta wanke da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, aka zagaye wuyansa da kwali kada ya lasa.

Na ce, "Hajiya, ke da kare?"

Ta ce, "Hannuna zai wanku, ɗan nan. Shi kuwa wa zai gaya wa zafin da yake ji?"

Ku fa, da za ku iya?