Rabin Aski

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, bayan la'asar, matata ta shigo ta ce min an rufe shagon aski. Ban tambaye ta dalili ba. Shekara talatin muna maƙwabtaka da kai, Mai Aski, ban taɓa ganin ƙofar nan a rufe da rana ba. Na Allah ne mu, gare Shi kuma ka riga mu komawa.

Ba zan yi maka kukan wanda aka yanke wa kwana ba, domin ka ci ribar rayuwa. Tun ranar da likita ya gano ciwon daji a 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ka ƙara shekaru masu albarka kana riƙe da almakashinka. Ya yi maka bayani cewa sinadarin mazakuta da ke cikin jini shi ne abincin ciwon, kuma akwai allurar da ke rage shi, sai dai za ta tafi da ƙarfin da maza ke tinƙaho da shi. Ka yi kwanaki kana juya maganar, har mai ɗakinka ta ce, "Malam, ni kai nake so a gidan nan. Je ka a yi maka."

Allurar ta zo da nata. Gumi ya riƙa karyo maka ko da fanka na kaɗawa, gemunka ya yi shara-shara, tumbi ya fito. Wani da ɓoyewa zai yi. Kai kuwa sai ka tsaya gaban madubi kana shafa haɓa kana cewa reza ta samu hutu.

Daga nan ka ɓullo da dabarar da ta addabi dattawan unguwa. Duk mai furfurar da ya hau kujerarka, sai ka ɗaura masa ƙyalle, ka aske rabin kansa, sannan ka kashe inji ka ce, "Yallaɓai, sau nawa kake tashi fitsari kafin asuba?" Ina mutum zai je da rabin kai? Ni ma haka ka yi min, kuma na ji haushinka ƙwarai. Da na je asibiti aka ce nawa kumburi ne na tsufa, ba daji ba, aka ba ni ƙwayar da ke rage wa sinadarin kaifi. Barcin da nake samu yanzu, bayan Allah, kai ne sila.

Mutum ɗaya ya gagare ka: babban ɗanka, abokin aikinka a shagon. An gaya maka ɗan mai wannan ciwo ya fi kowa buƙatar gwaji, ga shi ya haura arba'in da biyar, amma kullum sai ya ce lafiyarsa ƙalau. Da kansa yake askinsa, don haka tun da ya girma bai sake hawa kujerarka ba. Ka faɗa min ciwon bai dame ka kamar yadda wannan ya dame ka ba.

Da allurar ta daina tasiri ka kwanta, sai ka roƙe shi ya bari ka yi masa aski ko sau ɗaya, kamar lokacin yana yaro. Ya durƙusa gaban gadonka. Da ƙyar ka kai rabi, ka kashe inji. Kafin ka buɗe baki ya ce, "Baba, na sani. Zan je." Da hula ya rufe kan ya tafi. Sakamakon ya fito lafiya lau, da sharaɗin ya riƙa komawa, kuma ka ji da kunnenka. Ban taɓa ganinka cikin farin ciki irin na ranar ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya yalwata makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka mata, da jikoki. Kai kuma ɗana, babban ɗan Mai Aski, Allah Ya ba ka haƙuri. Mahaifinka bai samu ƙarfin ƙarasa maka askin ba, amma bai tafi da fargabarka a zuciyarsa ba.