Kazar Ruwa da Keken Ummaru

Bodinga

Shekarar da anka samu mulkin kai, da kaka, ɗiyata ta haihu Shagari. Ana sallame asuba munka fita ni da Ummaru tela, ƙanen maigidana, da keken ɗinkinai bisa kai, za shi cin kasuwa. Keken nan shi ka ci da gidanai, ba shi da gona ko taki ɗaya. Lori sule guda kowa, keke sisi.

Lambara

Da hantsi munka sauka, munka sha fura ta kwabo, Ummaru yaɗ ɗauki hayar jaki, yaɗ ɗora mai keke. Yac ce mu yanke ta fadama, ruwa ya janye. Munka iso, haki kore shar kamar shimfiɗa. Sai nij ji kuka cikin hakin, murya biyu: ɗaya na kyarkyara da sauri, ɗaya na rufewa da gurnani.

Nic ce, "Tsaya! Akwai ruwa ƙarƙashin hakin ga."

Yac ce, "Haba matata, tsufa ya taɓa kunne? Kwaɗi na."

Nic ce, "Kwaɗo ko cikin kasko shina kuka. Wagga kazar ruwa ta, baƙa mai jan ƙafa, ita da mijinta. Bakin gulbi nit tashi, ban taɓa jin su inda ƙasa ta bushe ba. Sauke keken ga, kai ka shiga in kana so."

Yas sauke shina dariya, yak kora jaki. Taki bakwai, jama'a! Hakin yab buɗe, jaki yan nutse har wuya. Inna lillahi! Ummaru yat tsaya baki sake. Ihu nai ta yi har masu yankan gero sunka sheƙo da igiya. Mutum shida sunka ja kafin yaf fito, mangala ko ta tafi ke nan.

Shagari

Ta hanyar tudu munka shiga bayan la'asar, kasuwa ta watse. Ummaru bai ci tuwo ba, yaz zamna yana shafa keke.

Komawa

Bayan arba'in yaz zo ɗaukata. Kusa da Lambara wani abu yai kuka cikin kwari, yad dafe ni.

"Inna, wanga fa?"

"Wanga kwaɗo na, Ummaru. Yau ni ce Inna?"

Munka iso Bodinga da magariba lafiya lau. Godiya ga Allah da Ya ba tsuntsu baki, Ya bar mini kunne, da bayin Allah masu igiya da ban ko san sunansu ba.