Tafkin da Muka Daina Su

Kafin abin ya faru, na yi imani cewa mamaci na masu kukansa ne, kuma babu mai iya karɓe shi daga hannunsu. Da wannan na dawo daga karatu a Barno, na zauna limanci a ƙauyenmu da ke fadamar Haɗeja.

Mahara sun faɗo mana ne ranar su, wato kamun kifi na gayya, bayan ruwan gulbi ya janye. Maza duk suna cikin babban tafki, kwance a kan gora, hannuwansu riƙe da koma, babu mai ko sanda. Aka kashe na kashewa, aka kora na korawa. Mijin yayata na cikin waɗanda muka tsamo daga ruwan.

Ba wanda ya ba da umarni, amma tun daga ranar ba a sake jefa koma a tafkin ba. Kowace shekara, in ruwa ya janye, mukan taru a bakinsa, in ja addu'a, kowane gida ya ambaci nasa, mata su raba gumba sadaka. Yayata takan fara daka tun jajibere.

Ana nan sai rigimar gonakin fadama ta tashi tsakanin hakiminmu da wani gari na ƙetaren gulbi, garin dangin mahaifiyarmu. A shekarar, hakimi ya fito daga birni ya halarci taron da kansa, ya kawo sa, ya zo da maroƙi. Ba na zarginsa da rashin tausayi, domin ɗan ƙanwarsa na cikin waɗanda aka kora, kuma na ga hawayensa. Amma maroƙin ya shelanta wa jama'a cewa mutanen ƙetare ne suka nuna wa maharan hanya. Yanzu da na kai hamsin, ina ta tambayar kaina ko hakimin ya gaskata haka tun farko, ko kuwa bukata ce ta koya masa gaskatawa. Ban samu amsa ba.

Washegarin taron aka aiko bafade wurin yayata, ina zaune. Saƙon shi ne ta tsaya gaban samarin gari ta ɗaga rigar da mijinta ya mutu a ciki, don zuciyarsu ta tafasa su ƙetara gulbi. Ɗanta na fari na cikin samarin, waɗanda za a je a ƙona kuwa kakanninsa ne.

Ta ce, "Ka gaya masa rigar ta mutu, tsumma na yi da ita."

Bafaden ya ce, "Iya, maganar sarauta ce fa."

"To sarauta ta zo ta kama tabarya mana, ai gumbar ba ta daka kanta." Sai ta juyo gare ni. "Malam, kai ka wanke gawawwaki. Ka ga ɗan ƙetare a ranar?"

Na ce, "Na ga biyu, Yaya. Taya mu su suka zo yi, tare da namu muka binne su."

Bafaden ya ce zai isar da saƙo, amma ba da wannan lafazi ba.

Samari da dama sun ƙetara duk da haka. Ɗanta bai bi su ba. Da shekara ta zagayo, hakimi ya mayar da taron ƙofar gidansa a birni, aka ba wani malami jan addu'ar, mu kuwa ba a gayyace mu ba.