Ragon da Ya Bi Roba-Robata Har Maikunkele

Ko tsufa zai kai ni in riƙa neman hulata alhali tana kaina, akwai yini ɗaya da ba zai goge daga ƙwaƙwalwata ba: yinin da na shiga Maikunkele a kan babur, rago na bina, awaki na bin rago, masu awaki na bin awaki.

Bari in faro daga babur ɗin. Ina da wata tsohuwar roba-roba, irin ƙananan baburan nan da aka lulluɓe da roba gaba da baya. Tsufanta ya kai idan na tsaya a shataletale, dattawa ita suke fara gaisarwa kafin ni. Ni dillalin doya ne, kuma a kasuwa ne wata rana tulin doya ya rushe ya faɗo mata a baya. Robar gefen hagu da ke ƙarƙashin kujera ta tsage, wani ɓangare ya ɓalle, sauran ya riƙa kaɗawa faf-faf-faf kamar agwagwa na shirin tashi. Na zagaya masu kayan gyara, suka ce an daina kawo irin wannan robar tun ina da gashi a kai.

Sai aka nuna mini wani dattijo mutumin Kuta, mai ɗinkin roba a bakin layin dogo. Kayan aikinsa gwangwanin garwashi ne, da ƙarafa masu faɗin baki da yake cusawa a wuta, da siririyar waya. Idan roba ta tsage, sai ya huda gefe da gefe, ya ɗinke da waya, ya narka wata robar ya shafe ɗinkin. Amma yana da doka: mai babur ne zai kawo robar faci, kuma sai ta ci jarrabawa. Jarrabawar ita ce ya yanki ɗan ƙanƙani, ya ƙona, ya lumshe ido, ya shaƙi hayaƙin kamar mai zaɓen turare.

Na kai masa tsohuwar buta. Ya ƙona, ya shaƙa, ya ce, "Oga, wannan ba zai kama ba." Na kai ƙafar kujerar roba. Ya ce, "Wannan zai kama yau, gobe ya sake ka." Na kai murfin bokiti, na kai jarkar manja, har takalmin roba na kai. Da ya shaƙi hayaƙin takalmin sai ya yi tari, ya dube ni, ya ce, "Oga, ni da kai muna da faɗa ne?"

A daidai wannan makon ne ɗiyarmu ta fari, da ke aure a Maikunkele, ta haifi ɗa namiji. Jikanmu na farko ke nan. Uwargidana kuwa tun cikin yana ƙarami ta tsaya gaban surukanmu ta ce ragon suna nata ne, kada kowa ya saya. Ta kuma kiwata rago, ba wasa ba. Idan ya yi tafiya a tsakar gida, kwanuka na motsi a kan kanta. Ni da na aure ta ina cin tuwo sau biyu, shi yana cin dusa da ɓawon doya sau huɗu. Ban taɓa yin ƙorafi ba, don ya fi ni ƙaho.

Da ta ga ina ta sintiri da tarkacen roba, sai ta ce, "Malam, ga wannan robar dusar, bakinta ya fashe. Na saya masa sabuwa. Ka gwada ta ko ma huta da jidar bola." Ina so mai karatu ya riƙe wannan da kyau: ita ta miƙo mini da hannunta. Wata tsohuwar roba ce ruwan ɗorawa, wadda ragon ke ci a ciki tun yana ɗan ƙarami.

Mai ɗinki ya ƙona, ya shaƙa, sai fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓace. "Yauwa! Wannan da na babur, uwa ɗaya uba ɗaya." Ya raba ta biyu. Rabi ya yayyanka sili-sili ya narkar a kan tsagar. Ɗaya rabin kuwa ya ce lanƙwasarsa ta yi kyau, asara ce a miƙar da ita, sai ya manna shi yadda yake. Na tashi da babur mai wani aljihu ruwan ɗorawa a ƙugu. Na ce wannan fa? Ya ce, "Wurin ajiye goro ne. Ban ƙara maka ko kwabo ba."

Na koma gida na tarar da zaman makoki. An zuba wa rago dusa a sabuwar roba shuɗiya, ya sunsuna, ya juya mata baya. Aka sauya masa da kwanon sha, ya ƙi. Aka zuba a faranti, irin wanda ake fito da shi sai baƙi sun zo, ya ƙi. Washegari ma haka, jibi ma haka. Rago ya fara zubewa, wuyansa ya yi tsawo, ido ya faɗa. Uwargida ta zauna a gabansa tana lallashi da muryar da ni ban sake ji ba tun muna ango da amarya. Suna na matsowa, ga alkawari an yi a gaban surukai, ga rago na neman komawa akuya.

Ni duk kwanakin nan a zaure nake ajiye babur. Ana jibi suna aka yi hadari, sai na turo shi tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Ban gama kafe shi ba na ji ƙarar tsinkewar igiya. Na waiwaya na ga rago ya nufo ni, na yi kalmar shahada na haye turmi. Ashe ba ni yake nema ba. Ya wuce ni ya cusa kai cikin aljihun babur, yana lasa yana wani kuka mai ban tausayi.

Uwargida ta matso ta leƙa. Sannan ta ɗebo dusa ta zuba a aljihun. Jama'a, rago ya ci har yana rawar bindi.

Ta ce, "Malam, daga yau babur ɗin nan ba inda za shi."

Na ce, "Hajiya, kasuwa fa?"

Ta ce, "Ƙafafunka wa ka ba aro?"

Na ruga wurin mai ɗinki na ce ya ciro mini rabin robar. Ya girgiza kai ya ce sun riga sun zama jiki ɗaya, in ya ɓamɓare, duk gefen babur zai biyo, robar dusar ma ta dagargaje. Na ce to ina ɗaya rabin? Ya nuna mini hancinsa ya ce, "Rabi yana babur, rabi na shaƙe."

Jajibirin suna da sassafe aka kira mai keken haya mai ƙafa uku ya kai rago. Rago ya dubi keke, ya dubi babur, ya ja da baya, ya kai wa mai keke karo ɗaya. Bawan Allah ya tashi ya kakkaɓe wando ya ce shi fasinja masu ƙafa biyu yake ɗauka. Na nemi akori-kura a loda rago da babur tare, aka ce duk sun tafi ɗauko doya. Uwargida ta dube ni, ta dubi babur, na ga dabara ta sauko mata a ido.

Haka na fito da hantsin ranar, da babbar riga da hula, don gidan surukai za ni. An cika aljihu da dusa, an ɗaure mini wani ƙullin a gaba don ƙari. Na tayar da babur a hankali, rago ya biyo, kansa a aljihu. In na ƙara wuta ya yi kuka, in na rage ya tunkuɗi babur. Muka daidaita a kan wani irin gudu da har mai tura ruwa ya wuce mu, ya waiwayo ya ce, "Alhaji, ko in taya ka turi?"

A hanyar Bosso ’yan acaba suka sa ni gaba. Wani ya ce, "Baba, wa ke jan wani a cikinku?" Wani ya ce, "Sabon inji ne, da dusa yake aiki!" Na daure fuska ina amsa gaisuwa kamar kullum haka nake fita.

Abin da ban sani ba shi ne, duk ramin da na faɗa sai dusa ta zube. Na bar layin dusa a titi tun daga gida. Muna wuce Tudun Fulani na ji kukan ya canja, ya zama na jam'i. Na leƙa madubi, ai kuwa awaki ne. Farare, baƙaƙe, masu ciki, masu shayarwa, da wani bunsuru da warinsa ya riga shi isowa. Bayansu kuma ga mata da maza a guje, wata da muciya a hannu tana ihu, "Ɓarawo! Ya yi wa awaki asiri!"

Na so tsayawa in yi bayani. Amma in na tsaya awaki za su rufe aljihun, su cinye dusar, rago ya zauna a titi. Sai na riƙa bayani ina tafiya. "Baiwar Allah, suna za ni!" Ta ce, "Da awakina za ka yi sunan?" Wani dattijo da ke haki a gefena ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, ka faɗa mana abin da ka sa a robar nan." Na ce dusa ce. Ya ce, "Dusa muke ba su kullum, ba su taɓa raka mu ko bakin titi ba."

Muna hango rumfunan da ake kafawa a ƙofar gidan surukai, sai bunsurun nan ya yi kuskuren rayuwarsa, ya sa baki a aljihu. Rago ya ja da baya ya kawo karo. Bunsuru ya goce. Karon ya sauka a kan facin. Na ji ƙas! Gefen babur gaba ɗaya ya ɓalle, ni na yi gabas, babur ya yi yamma. Rago ya tsaya cak a kan robarsa da ke ƙasa, ya ƙi motsi.

Saura ɗan taƙi kaɗan. Na tashi, na ɗauki gefen babur da hannu biyu, da fitilar baya tana reto a jikin waya, na juye sauran dusa a aljihun, na riƙa tafiya da baya da baya ina cewa, "Zo, ranka ya daɗe, zo." Haka na shiga taron surukaina: da baya, ba hula, babbar riga ta yi fari da dusa, ina yi wa rago fadanci, bayansa garken awaki, bayansu masu ƙara.

Mahaifin mijin ɗiyata mutum ne mai nutsuwa, tsohon ma'aikaci, ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ya miƙe daga kujera, ya dubi rago, ya dubi awaki, ya dube ni. Ya ce, "Alhaji, sannu da hanya. Rago ɗaya aka yi mana alkawari. Wannan ɗawainiya ta yi yawa."

Mai muciya ta ce, "Wace ɗawainiya? Nawa ne!"

A ranar na ga haƙoransa, har da dasashi. Sai da ya zauna a ƙasa. Aka ba masu awaki ruwa da haƙuri, aka gayyace su suna, kuma wallahi sun zo, har mai muciya ta taya tuƙa tuwo. Rago ya kwana da robarsa, ya wayi gari cikinsa fam. Duk wanda ya ci naman ya yaba, sai dai wasu sun ce cinyar ta ɗan yi tauri. Na ce dole, da ƙafarsa ya zo. Uwargida ta sha yabo a wurin mata, ta dawo tana ba da labari kamar ita ta tuƙa babur ɗin.

Bayan suna na kai wa mai ɗinki gefen babur. Ya duba wurin da ya karye, ya ce cike da alfahari, "Ka gani, Oga? Ba ɗinkina ya sake ba. Babur ne ya sake." Ya mayar da shi, da aljihun da komai. Yana nan har yau. Jikan nawa ya yi wayo, a ciki yake ajiye gyaɗarsa idan na ɗauko shi, kuma har yanzu in na bi ta Tudun Fulani sai na ga awaki sun ɗaga kai suna dubana kamar na ci musu amana.

Abin da na koya shi ne, kafin ka ce abu ya tsufa ka sauya masa aiki, ka bincika ko akwai mai cin abinci a cikinsa. Mu mun tambayi mai ɗinki, mun tambayi hancinsa, ni na tambayi uwargida. Mai robar ne kaɗai ba wanda ya tambaya, shi kuwa ya bi kayansa har Maikunkele.