La'adar Baffa

Ni ba wanda ya koya mini wayarin, wato haɗa wayoyin lantarki a gida. Da rediyon babanmu na fara, na kwance ta kaf na kasa mayarwa. Daga nan sai bin 'yan kwangilar da suka zo daga Kano suna kafa falwaya a Birnin Kudu, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, kowa yana rushe ginin ƙasa yana sa bulo. Ina tsaye ina kallonsu, ina tsintar guntayen waya. Kai, lantarki akwai daɗi! Waya biyu ce fa, ja da baƙa, ja ta kawo wuta, baƙa ta mayar. Makunni kuma a kan ja ake sa shi, kullum, kada ka yarda wani ya sa maka a kan baƙa. Kafin ka ce me, an fara kirana gidaje.

Baffa, yayan babanmu, shi fitila yake ƙerawa, aci-balbal, da gwangwanin madara yana liƙewa da dalma. Da wuta ta shigo gari, ga kuma fitilar ƙwai ta cika kasuwa, sai cinikinsa ya mutu. Wata safiya sai ga shi a ƙofar ɗakina da furfurarsa.

Ya ce, "Maigida, na zo koyon aiki."

Na zaci wasa yake. Ashe da gaske ne, har ya taho da filayarsa.

Hannunsa kuwa ya fi nawa. In ya ja waya a bango yana buga kilif, sai ka rantse da igiya ya auna. Tsoron wutar ne kawai. Ko na cire fis na yanke wutar a gabansa, sai ya yi bismilla ya dangwala tasta, abin gwada wuta, ya sake dangwalawa kafin ya taɓa.

Matsalar ita ce ta ci. A wurinmu ɗan koyo ba a biyansa. Abincin rana ne, sai ɗan na sabulu in maigida ya ga dama. To, yaro aka yi wa wannan tsarin, wanda yake cin tuwo a gidan ubansa. Baffa kuwa shi ne mai ba da tuwon, gidansa cike da mutane. Na zura masa kuɗi a aljihu, ya mayar mini. Na aika wa Inna, matarsa, ta aiko mini da su a cikin kwano a rufe.

Ya ce, "Ni na yanka ragon sunanka. Yanzu in miƙa hannu ka ba ni na sabulu? Bari in iya aikin tukuna."

Damina ta yi tsakiya, rumbunsa ya yi ƙasa. Sai ya fara maganar jinginar da gonarsa ta Sundimina. Duk mun san yadda jingina take: wanda ya ba ka kuɗi shi zai yi ta noma gonar sai ranar da ka biya, kuma ranar ba ta cika zuwa ba.

Ni ɗin ma ba wani samu nake yi ba. Kunya nake ji in faɗa wa sa'an ubana farashi. Sai in ce a ba da abin da ya sauƙaƙa, a ba ni ɗan abu kaɗan a cika da "Allah ya yi albarka."

Ana cikin haka wani Alhaji mai motocin haya a Gwaram ya sayo janareta daga Kano, ya aiko a yi masa wayarin. Muka hau mota ran kasuwa. Da muka isa Alhaji ya kama hannun Baffa suka yi ta gaisawa, ni ko kallo ban ishe shi ba. Ya ce Malam nawa za a yi aikin. Baffa ya ja ni gefe, na raɗa masa abin da na saba karɓa.

Ya ce, "Kai, wannan kuɗin aiki ne ko sadaka?"

Ya koma ya zauna a tabarma, ya faɗi farashin da ya sa na sunkuyar da kai.

Alhaji ya ce, "Haba Malam! Gidan zan saya a hannunka?"

Baffa ya ce, "Alhaji, direbanka yana ɗaukar mutum zuwa Kano a kan Allah ya yi albarka?"

Alhaji ya tuntsire da dariya. Suka yi ta ja, albarka, ƙara, albarka, kamar ana cinikin sa. Aka daddale sama da abin da na taɓa karɓa, kuma Baffa ya sa ya ba da kuɗin kaya tun kafin mu hau tsani, abin da ni ban taɓa tunanin nema ba.

Ranar da muka gama, ƙwan lantarki ya kama a kowane ɗaki, Alhaji ya damƙa wa Baffa kuɗin. Ni kuma ya ba ni 'yan sulalla, ya ce, "Ungo na goro, yaro. Ka dage ka koya a wajen Malam." Baffa ya ce ai yaron yana ƙoƙari, sai dai surutu.

A tasha, muna jiran mota ta cika, ya miƙo mini kuɗin duka. Na ƙi karɓa. Na ce Baffa, aikin nawa ne, na yarda. Amma cinikin fa? Wa ya yi? Dillali a kasuwar awaki bai yi kiwo ba, bai kai ruwa ba, amma in ya sayar ana cire masa la'ada, kuma ba wanda yake cewa roƙa ya yi.

Ya tsaya yana kallon masu lodin buhuna. Can ya ce, "La'ada dai halal ce."

Na ce to.

Ya ce, "Amma ba kai za ka ba ni ba. Ni zan cire."

Ya juya mini baya ya cire, bai ma kai abin da ya ƙaro ba, ya ba ni saura. Daga ranar duk aikin da aka kira mu shi yake zama a tabarma, ni ina kan tsani. Kuɗin bai kai shi kaka ba, sai da ya haɗa da sayar da awakinsa. Gonar kam ba a jinginar ba. Shi ya girbe dawarsa a shekarar.