Sama da Layi, Ƙasa da Layi

Ni ban san baƙi ba, ban kuma taɓa jin kunyar faɗa ba. Wannan ma da kuke karantawa ɗiyata ce ta rubuta, ina faɗa tana sawa a takarda, kuma sai da ta maimaita mani shi sau biyu kafin na yarda. Amma rashin karatu bai hana ni sanin Littafi Mai Tsarki ba. Tun muna ƙauyenmu na wajen Ruwan Godiya har muka koma noma ƙasar Sabuwa, in aka zauna zumuntar matan coci aka zo wurin ba da labari, ni ake juyowa a kalla. Abin da nake taƙama da shi ɗaya ne: ban taɓa jingina wa Allah maganar da ba tashi ba.

Marigayi maigidana, Malam, mai bishara ne. Yana da Littafi Mai Tsarki mai sharhi, mai kaurin gaske, bangonsa duk ya sha hannu. Ranar da ya fara kawo shi gida ya buɗe mani a kan tabarma, ya aza yatsa kan wani siririn layi da ya ratsa shafin.

"Kin ga wannan? Sama da shi maganar Allah ce, sai ki yi shiru ki saurara. Ƙasa da shi, ƙananan baƙaƙen nan, maganar malamai ce. Mutane ne kamar ni. Wannan kina iya gardama da ita."

Na ce, "Ai ka san zan yi."

Ya ce, "Na sani, shi ya sa na nuna maki."

Daga ranar, duk wanda zai karanta mani sai ya aza yatsa ina kallo. Yatsa na sama, ina haddacewa. Ya gangaro ƙasa, sai in gyara zama in ji abin da mutum zai ce. Wuraren da nake so kuwa tsinken tsintsiya nake sawa, ko zare. Har fasto na taɓa kamawa ya tsallake layi bai faɗa ba.

Bayan rasuwar Malam ɓarayin daji suka matsa mana. Muka fito da abin da ke jikinmu, na dawo Ƙanƙara wurin ɗiyata, malamar asibiti ce. Da aka samu aka leƙa ƙauyen bayan damina, rufin ɗaki ya rufta, littafin ya sha ruwa, gara ta ƙarasa shi.

Ɗiyata ta ce za ta maye mani gurbinsa, in zaɓa: ko na takarda irin na mahaifinta, ko na cikin waya. Ita dai ta fi son na waya.

"Inna, wannan shi zai riƙa karanta maki da kanshi. Ba sai kin jira na taso daga aiki ba. Sharhin ma duk yana ciki."

Na ce, "Wane ne mai karatun?"

"Wani mutum ne aka ɗauki muryarsa."

"Ɗan gidan wa?"

Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Mutumin da ban san fuskarsa ba, ban san cocinsu ba, ba ya tari, ba ya tsayawa ya haɗiye yawu, shi zan miƙa wa kunnena? Kuma littafin da Malam ke ɗauka da hannu biyu, yaya aka yi ya shige abin da bai kai tafin hannu ba, ba a rage komai ba? Ta ce ba a rage ba. Na ce wa ya ƙirga?

Duk da haka ta bar mani tsohuwar wayarta in gwada, ta nuna mani inda zan taɓa. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mani daɗi. Ina ɓarar gyaɗa yana karatu, ina tsintar wake yana karatu. Na ɗana mashi tarko da wuraren da na haddace, bai faɗa ba ko sau ɗaya. Maƙwabciyarmu Hajiya, wadda ke jin tafsiri a tata wayar, ta leƙo ta katanga ta ce, "A'a, Iya, ke ma kin shigo gari?" Na ce ban shigo ba, ina bakin ƙofa ina leƙe.

Sati na uku aka ce ni zan ba da labari a zumunta. Na ɗauko na matar nan da ta je rijiya da tsakar rana ta tarar da Ubangiji zaune. Na ba shi yadda na saba, har da motsin guga. Sai na ƙara abin da na ji a waya. Na ce Littafi ya ce matan garin sun ƙaurace mata, shi ya sa take zuwa ɗibar ruwa ita kaɗai cikin rana.

Matar fasto, wadda na girmi uwarta, ta duba nata littafin ta ɗago.

"Iya, a yi haƙuri. Tsakar ranar tana nan. Amma dalilin ban gan shi ba."

Wata ta ce daga baya, a hankali amma na ji, "Tsufa ne." Da ta mare ni da ya fi mani sauƙi.

Na dawo gida ban cire mayafi ba, na jira ɗiyata. Tana shigowa na aza mata wayar a cinya na ce mutuminta ya yi mani ƙarya. Ta taɓa nan, ta taɓa can, ta ce, "Inna, ba ƙarya ya yi ba. Sharhi ne. Ya gama ayar ya wuce cikin bayani."

"Da murya ɗaya?"

"Yana ɗan dakatawa."

"Ina kan tsintar wake zan ji dakatawa?"

Abin da ya fi ƙona mani rai, da na san maganar mutum ce, da tun a tsakar gida na kayar da ita. Sau nawa na je rijiya da rana tsaka? Baƙi sun sauka, ko akuya ta ture tulu. Wa ya ƙaurace mani? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa rasa ruwa da tukunya a kan murhu ba.

Ɗiyata ta ce ana iya kashe sharhin, ya karanta aya zalla. Na ce wa zai shaida mani an kashe? Ta ce ita. Na ce in tana asibiti fa, hannuna ya taɓa wani wuri? Sai ta sassauta murya.

"Inna, idonki fa yana raguwa. Nan da 'yan shekaru layin nan ba za ki gan shi ba."

Wannan gaskiya ce, kuma ta taɓa ni. Har ta zaci na sauko. Sannan na ce a kawo na takarda.

Da ya iso na shinshina shi, na auna nauyinsa, na buɗe na ga layin yana nan inda Malam ya bar shi. Na sa ta nemo labarin rijiya, ta aza yatsa. Maganar ƙauracewar tana can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe, har da "wataƙila" a gabanta. Wayar ma ta faɗi wataƙilar, in ji ta. Wake ne ya cinye mani ita.

Na sa baƙin zare a wurin. Ranar zumunta na ɗauki littafin a ka, na miƙe kafin a fara waƙa. Na ce wancan satin na ba Allah abin da malamai suka ce, na zo in mayar wa kowa da nashi. Na miƙa wa matar fasto, na ce ta karanta, ta aza yatsa. Na matso kusa, na runtse ido da gangan, na kama wuyan hannunta. Tana karatu hannun na tafiya, har na ji ya gangara.

Na ce, "Tsaya. Kin sauka."

Ta ce, "Na sauka, Iya."

Na ce, "To, daga nan ina da magana."